Shekarar da Kaset Ya Yi Gadin Dawa

Bana tsuntsayen nan jan-baki sun sake sauka a gonakin bayan Gadarif. Na shiga kasuwa neman abin korarsu, sai wani mai shago ya miƙo mini wani naɗin zare mai ƙyalli kamar azurfa, ya ce daga Sin aka kawo shi, kuma musamman don tsuntsaye aka yi shi, ga ma hoton tsuntsu yana gudu a jikin kwalin. Na ja bakin zaren, na ɗaga shi a iska, ya yi fir-fir-fir. Nan take wani abu ya tokare ni a ƙirji, ba tari ba, ba ƙwarnafi ba. Ƙyashi ne, tsohon ƙyashi, wanda na ɗauka ya mutu tun kafin gashin kaina ya yi ƙaura. Ashe har Sin an ji labarin dabarar Attahir Kusha, ni kuwa Haruna ko a Gedambaliya da ke nan kusa ba wanda ya san sunana.

Attahir taubashina ne, ɗan Kawu Isa, yayan Inna. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando yake cewa shi ne ubangidana, ni kuma ina cewa ban taɓa ganin ubangida mai majina har haɓa ba. Kakanmu ya taso daga yamma da niyyar hajji, ya tsaya a nan don ya noma guzuri, guzurin bai cika ba har Allah ya yi masa rasuwa. Gona ɗaya ya bari, aka raba ta yadda shari'a ta ce, kashi biyu na Kawu, kashi ɗaya na Inna. To kun ga, tun ba a haife ni ba Attahir ya riga ya ninka ni. Iyakar da ke tsakanin gonakinmu kuwa wata 'yar kunya ce da akuya za ta tsallake ba ta ma san ta tsallake ba.

Kusha a Larabcin mutanen nan juji ke nan. Ni na laƙa masa sunan, ya kuma manne masa kamar ƙarangiya a bakin wando. Yana da karo, amalanken nan na jaki, yana bin jujin gari ɗaya bayan ɗaya. Gwangwanin mai ya mayar da shi murhun gawayi, tsohuwar taya ya yanka ta takalmi, ƙarfen gado ya zama ƙofar garke. Na sha faɗa a majalisa cewa ranar da Attahir zai mutu sai an ɗaure hannunsa da kyau, in ba haka ba a hanyar maƙabarta zai miƙo shi ya tsinci ƙusa. Ana dariya har da riƙe ciki, shi ma yana yi, ya ce, "Faɗi, bawana, ai bakinka ne kawai gadonka."

Ni kuwa a lokacin mutum ne. Ina da shagon kaset a gefen kasuwa, ɗan ƙarami ne, amma ƙararsa tana kaiwa har tashar mota. Ina naɗar waƙoƙin Omdurman, da na Habasha, da na Indiya, da waɗanda mahajjata suke kawo mana daga Kano. In ana biki a unguwa ni ake kira da rikodata in ɗauki muryoyi. Shekarun farko na mulkin soja ne, masu tsanani, ana hana kiɗa a fili, masu kula da tarbiyya suna iya faɗo maka shago ba sallama su kwashe abin da suka ga dama. Sai na koyi dabara, kowane kaset na waƙa in manna masa takarda in rubuta wa'azi. Dattijo ya zo da carbi a hannu ya ce a ba shi wa'azin nan na jiya mai sanyin murya, in miƙa masa, kowa ya san abin da ya saya.

Abin da masu tarbiyya suka kasa, dish ya yi shi cikin damina ɗaya. Man fetur ya fara fita a ƙasar, kayan Sin da na Dubai suka cika kasuwa, faifan bidiyo ya zo, sai ga farantan tauraron ɗan'adam a kan gidaje. Ka ga guttiya, ɗakin ciyawa mai tsinin kai irin na kakanni, a gefenta an kafa faranti yana kallon sama kamar mai roƙon ruwa. Mata suka daina hira a tsakar gida, suna kuka a kan wata baturiya da aka sa wa Larabci a baki. 'Ya'yana suka fara amsa Hausar Inna da Larabcin Masar. Biki ma ba a neman tsofaffin mata masu kiɗan ƙwarya, sai wani saurayi da akwatin kiɗa mai lantarki. Shagona ya yi tsit, har gizo-gizo ya fara neman in ba shi haya.

Ni ba mutumin da zamani zai bari a baya ba ne. Na sayar da injin naɗa, na sayi talabijin da dish, na ce zan buɗe gidan kallo. Kaset ɗin karatun Alƙur'ani na kai masallaci. Sauran kuwa na ɓare takardun ƙaryar da ke jikinsu, na cika buhuna, na yi hayar masu ɗauka, muka nufi babban jujin bayan kasuwa da rana tsaka, don kowa ya shaida. Har jawabin ban kwana na yi musu. Attahir yana can gefe da jakinsa, yana kallo. Na ce masa ga sadaka nan, ubangida, a daka a yi tuwo. Ya jira na juya baya, ya loda su tas.

Gidan kallon bai yi ƙarko ba. Kafin in saba da kujerar mai gida, farashin dish ya faɗi, kowane gida ya sayi nasa, wutar lantarki kuma ta ɗauki ɗabi'ar baƙon da ba ya kwana. Daminar shekarar ma ta yi gardama, dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe a tsaye. Matmurarmu, ramin nan da muke binne hatsi a ciki, muka buɗe ta muka share har ƙasa. Muka shiga rani muna awo a kasuwa kaɗan-kaɗan. Matata Asha ta ƙware a tsinka kullun kisra, wainar nan ta dawa, tana shafa shi a kasko siriri har kana iya hango maƙwabcinka ta ciki. Miyar busasshiyar kuɓewa ce safe da yamma, in an sami ƙashin busasshen kifi a jefa a ciki, ranar sallah ce. Inna takan ce ta ƙoshi tun ba ta sa hannu ba, ta tura wa jikoki kwanon. Dish ɗin ma daga baya ya tafi, muka cinye shi tuwo.

Don haka da damina ta sake zagayowa, ba ni da shago, ba ni da gidan kallo, ba ni da komai a duniya sai kason Inna na gonar kaka. In ta yi, mun ci. In ba ta yi ba, sai dai in bar tsohuwa da mata da yara in bi motar 'yan ƙwadago zuwa manyan gonaki, ni da hannuna bai san abin da ya fi biro nauyi ba, biron ma na juya zaren kaset ne.

Ruwa kuwa ya zo kamar mai ba da haƙuri. Hadari ya taso daga gabas, daga wajen duwatsun Habasha, baƙi ƙirin, iska mai ƙamshin ƙasa ta riga shi isowa. Ƙasarmu baƙar laka ce, da rani tana tsagewa har ƙafar jaki ta faɗa, da damina kuma ta kama ka kamar kun yi alkawari. Ka fita da takalmi ɗaya, ka dawo da gona guda a kowace ƙafa. Muka yi shuka da sanda, ina huda rami, Asha tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige. Da ciyawa ta taso aka yi gayya, yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, mata suna kawo tuwo da gahawa a kai. Na yi noma har bayana ya manta yadda ake miƙewa. Dawa ta tashi kore shar, ta wuce kaina, ta fitar da zangarniya. Na riƙa tsayawa a bakin gona ina yi mata kirari, ina leƙa ta Attahir ina auna wadda ta fi tsawo.

Sai ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya sauka, irin zafin da ba iska, gumi yana bin bayanka kamar tururuwa. Ƙwaya ta fara cika, in ka matsa ta da farce farin ruwa ya fito kamar nono. A daidai wannan gaɓar suka iso.

Wanda bai ga jan-baki ba zai ce ina ƙari, kuma na yarda ina da ƙari, amma a nan ragi nake yi. Da sassafe sai ka ga wani hayaƙi ya taso daga wajen fadama, yana murɗawa, yana miƙewa, yana ninkewa kamar ana kaɗa bargo a sama. Kafin ka ce a'uzu, rana ta yi duhu, kunnenka ya cika da cuwi-cuwi, karan dawa suna sunkuyawa saboda nauyi. Kowane tsuntsu bai kai babban yatsa ba, amma in suka tashi daga kan zangarniya sai ka tarar da ita fayau kamar tsohuwar tsintsiya. Jirgin feshi muna hango shi can nesa yana shawagi a kan manyan gonaki. Mu masu 'yan kadada, sai maƙogwaro.

Muka yi abin da kakanni suka yi. Na kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, na ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, na rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Na murza laka na busar, ina harbi da majajjawa. Tun assalatu nake hawa rumfar ina ihu, ina jan igiya, har magariba. Asha tana wancan gefe tana dukan tsohon faranti. Cikin 'yan kwanaki muryata, wadda ita ce jarina a duniya, ta koma kamar ta ɗan akuya mai mura. Tsuntsayen kuma suka gane ni. In na yi ihu a gabas su koma yamma, in na ruga yamma su dawo gabas, har ina ganin wani babba a cikinsu yana juyo kai yana duba ko na gaji.

Wata safiya na hau rumfa, na dubi gonar Attahir, sai na ga ta kama da wuta. Na buɗe baki zan yi kururuwa, sai na lura wutar ba ta da hayaƙi. Ƙyalli ne. Mutumin nan ya kafa sanduna jere-jere, ya farke kaset, ya ja zaren daga wannan sanda zuwa waccan, sama da kan dawa, har ya rufe gonar kamar saƙar gizo. Rana tana dukan zaren yana walƙiya, in 'yar iska ta motsa sai ya riƙa wani gurnani, vuuu, kamar amya dubu. Garken jan-baki ya taso, ya nufo gonarsa, ya yi turus a sama, ya yi kwana, ya zubo a kan tawa gaba ɗaya. Na ci nawa rabon, na ci nasa.

Shi kuwa yana ƙarƙashin rumfarsa a kwance, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kurɓar gahawa. Ya ɗago kofin ya gaishe ni.

Jama'a, na san yunwa, na san zazzaɓin damina, amma ban taɓa sanin ciwo irin na ranar ba. Kaset ɗina ne. Ni na saye su, ni na naɗe su, ni na biya aka kai su juji. Mawaƙan Indiya da na Habasha da na ciyar shekara da shekaru, ga su can suna yi wa Attahir gadi kyauta, ba ci ba sha. Ina tsaye a rana ina haushi kamar kare, dukiyata tana ƙyalli a gonar wani.

Na ruga jujin bayan kasuwa da yamma, na rufe fuska da rawani. Na tarar rabin manoman gari sun riga ni, kowa da sanda yana tono, kowa ya rufe fuska, kowa yana gane kowa. Ko ɓallin kaset ba a samu ba. Attahir ya daɗe da tsince garin, ba nawa kaɗai ba, har na gidajen da suka zubar bayan ni. Ya kuma raba wa maƙwabta na kudu da na arewa, gonakinsu suka ɗauki ƙyalli. Tawa ce kaɗai ta rage baƙa a tsakiya, kamar wawulo a bakin amarya, duk tsuntsun da ke tsakanin nan da Habasha ya san adireshina.

Ba hana ni ya yi ba, kada in ɗauki alhakinsa. Da na je na tsaya a kan iyaka ina kame-kame, ina cewa dama na zo duba lafiyar jakinsa ne, sai ya ce akwai buhuna a gida, nawa ne in ina so. Sharaɗi ɗaya ne, irin na taubasai. In hau karonsa na bola, in zauna a kan buhun, mu ratsa kasuwa ta gaban masu gahawa, ina shela da bakina cewa Haruna ya dawo ɗaukar abin da ya zubar.

Na ce, "Ni? A kan karon Kusha?"

Ya ce, "Jakin ma sai na roƙe shi, bawana. Ya ce bai saba ɗaukar kaya mai surutu ba."

Na ce masa gara tsuntsaye su cinye dawar, su cinye karan, su haɗa da ni. Ya ce to madalla, ya ga alamar sun ma fara. Shi a ransa wasa ne, yana jiran in sauko gobe ko jibi. Ni kuma a raina, mutumin da ya shekara yana sa kasuwa dariya a kan Attahir ba zai zauna a kan bolarsa kasuwa ta yi dariya a kansa ba. Muka tsaya a haka, tsuntsaye kuma ba su tsaya ba.

Abin da ya ƙara mini gishiri a ciwon shi ne majalisar yamma. Saboda na ɓare takardun, Attahir ba ya farke kaset sai ya saurara, don kada ya rataya sunan Allah inda tsuntsu zai yi kashi. Yana da wata rikoda da ya tsinta ya ɗaure da waya. To a cikin sauraron nan ya riƙa cin karo da bukukuwan unguwa da na ɗauka tun da daɗewa. Waɗannan bai farke su ba, ya ware su gefe. Kafin magariba sai ka ga manoma sun bar gonakinsu, tunda zare yana musu aiki, sun taru a rumfarsa. Wannan ya ji guɗar gwaggonsa da ta rasu, wancan ya ji tsohonsa yana sa albarka da Hausar da yanzu ba mai yin irinta. Mutanen da suka bar ni don kallon baturiya, ga su sun dawo suna share hawaye a gaban rikodar bola. Har muryata tana fitowa a ciki, ina zuba barkwanci a bikin wani, ina jiyo su daga kan rumfata suna ƙyaƙyatawa, sannan su ce, "Allah ya saka maka, Attahir." Barkwancina, rikodina, godiyarsa.

A gida ma, Asha ta daina yi mini magana sai da murfin tukunya. Inna kuwa, da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana. Kullum in na dawo sai ta karɓi zangarniyar da na tsinko, ta shafa ta da yatsu, don idonta ya yi rauni, ta ji inda ƙwaya take da inda babu. Ta ajiye. Gefen gabas na gonar ya riga ya tafi, na tsakiya ya fara.

Inna tana da nata kaset, ba su da yawa, a cikin wata jakar tsumma a ƙasan adakarta. Ta ɗaura wa kowanne zare mai launi don ta gane shi. Akwai saƙonnin murya na dangi daga Haɗeja, waɗanda mahajjata suka riƙa kawowa, ana gaishe ta ana lissafa mata waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa. Akwai wanda ita ta yi amsa a shagona ba a sami mai tafiya ba. Sannan akwai mai jan zare, na bikina da Asha. A shekarar an hana kiɗa a waje, sai tsofaffin mata suka shige ɗaki, suka kifa ƙwarya a ruwa, mahaifiyar Inna, wadda muke kira Iya, ta ja musu waƙa tun daga ta niƙa har ta rakiyar amarya. Shi kaɗai ne, ban taɓa kwafarsa ba. Duk Juma'a bayan la'asar Inna takan sa a kunna mata shi, ta zauna ta miƙe ƙafa, leɓenta yana motsi.

Ran nan da hantsi ina kan rumfa ina fama, sai na hango karon maƙwabcinmu ya tsaya a bakin gona, ana sauko da Inna. Rabonta da gona tun rasuwar Baba. Ta dogara sandarta ta ratso cikin dawa, jakar tsumman nan a hammata. Na sauko da gudu ina tambaya ko lafiya. Ba ta dube ni ba. Ta zauna a gindin rumfa, ta laluba cikin jakar, ta fito da mai jan zaren. Na ɗauka so take a kunna mata. Kafin in gane, ta sa farce ta zaƙulo zaren, ta ja, ta ja, ya zubo a cinyarta baƙi yana sheƙi.

Na ce, "Inna, na Iya ne fa."

Ta ce, "Na sani, ai ni na ɗaura masa alama. Iya ta kori tsuntsu a gonar nan tun ba a haife ku ba, ta saba da aikin. Kai wannan, kama nan ka kai wancan karan."

Na kama. Me zan yi? Na ɗaura a kara, na ja zuwa wani, zaren yana tsinkewa ina ƙullawa. Bai rufe ko faɗin tabarma goma ba. Iska ta taɓa shi ya fara 'yar ƙara siririya, Inna ta karkata kai tana saurare.

Attahir ya hango farin mayafi a rana, ya tsallako iyaka ba takalmi. Da ya ga jan zaren a ƙasa da fankon kaset a hannunta, sai ya durƙusa, ya dafe kai. Shi ma Iyarsa ce. Inna ta riga ta fito da na biyu tana laluben bakinsa. Ya riƙe hannunta da hannu biyu, ya ce, "Gwaggo, don girman Allah. Wasa ne fa muke yi."

Ta ce, "To ku ci gaba. Ni tuwo nake nema."

Ban taɓa sanin jakin Attahir yana da gudu ba sai ranar. Kafin azahar ya je gari ya dawo da buhuna. Ba wanda ya tada zancen kasuwa ko shela. Muka sare sanduna, muka kafa, yana farkewa ina ja, ina farkewa yana ja, maƙwabta suka shigo suka kama mana. Inna ta ƙi komawa gida, tana zaune a inuwa da jakarta a cinya har sai da ta ji gurnanin zare ya game gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da yamma garken ya taso, ya yi shawagi a kanmu, ya rasa wurin sauka, ya wuce. Na so in yi musu ihun rakiya, murya ta ƙi fita.

Abin da ya tsira muka yanka da sanyin farkon hunturu. Gabas babu komai sai kara, amma tsakiya da yamma sun ba da abin da ya rufa mana asiri. Muka sussuka, muka sheƙe, muka fitar da zakka, muka shimfiɗa ƙaiƙayi a matmura muka zuba. Ba ta cika ba, ta dai wuce rabi, kuma rabin nan ya kai mu wata damina ban hau motar 'yan ƙwadago ba. Ta Attahir kuwa ta cika ta tumbatsa har ya haƙa ta biyu. Na je na leƙa, na ce masa ƙwayar tasa ƙanana ce. Ya ce haka ne, saboda yawa ne suka matse juna.

Ranar da Asha ta tuƙa tuwon sabuwar dawa, Inna ta aika aka kira shi. Muka ci a kwano ɗaya, tuwo mai tauri da ƙamshi, irin wanda in ka haɗiye kake jin saukarsa har ƙasa. Da muka wanke hannu, sai ta shiga ɗaki ta fito da jakar tsumman, ta wuce ni ina zaune ina gyara hannu don karɓa, ta ajiye ta a gaban Attahir. Ta ce ya riƙe mata, in tana son ji za ta aika.

Na yi dariya irin ta wanda aka taka wa yatsa a masallaci. Na ce, Inna, ai ni ne mai sana'ar, ni na san kan kaset, wasu ma ni na naɗe su da hannuna, ga shi kuma ni ne ɗanki.

Ta ce, "Don kai ɗana ne na san ka. Ranar da aka kawo wani sabon abu daga Dubai, har ni za ka kai juji, ka yi mini jawabi."

Asha ta shige madafa da gudu, ina jin tana tari. Attahir ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, kafaɗunsa suna rawa. Ni na fi kowa dariya, don dole. Ina cikin dariyar na ga ya ɗauki jakar da hannu biyu, ya sa ta cikin rigarsa ta wajen ƙirji, bai jefa ta a bayan karo tare da sauran kayansa ba.

Har yau kaset ɗin suna wurinsa, da muryar Inna a ciki, Allah ya jiƙanta. In na je yakan shimfiɗa mini tabarma, ya kawo gahawa, ya kunna mini har in gaji. Amma in na miƙa hannu zan taɓa jakar, sai ya janye ta gefe.